Malam Tanko da Kwalbar Man Gyaɗa

Ranar Talata da hantsi, Malam Tanko baduku ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin titin Unguwar Mu'azu, ya jera wuƙa da basilla da zare, ya ajiye kwalbar man gyaɗa a damansa. Shekara talatin ke nan yana ɗinkin jaka da takalmi, kuma babu abin da ya taɓa barin hannunsa bai sha mai ya yi sheƙi ba. A ganinsa, fata marar ƙyalli abin kunya ce ga mai sana'a.

Bai gama zama ba sai ga Wilson, mai walda daga unguwar Romi, da yatsa naɗe cikin tsumma. Safar hannun da Malam ya ɗinka masa makon jiya ce ta kama da wuta daga tartsatsin farko, domin ta ƙoshi da mai. Ya ce abokan aikinsa har sun raɗa mata suna tsire, kuma in ba a gyara ba, dukansu za su koma sayen ta kanti.

"Baba, kariya na nema, ba kwalliyar Kirsimeti ba."

Maganar ta soki Malam, amma ya haɗiye, ya ce masa ya dawo bayan la'asar. Ya zaɓi fatar saniya mai kauri, ya jiƙa ta cikin ruwan alif, ya shanya, ya ninka tafin safar gida biyu. Zaren roba da ke narkewa ya ajiye shi gefe, ya ɗauko na auduga. Sau uku hannunsa yana nufar kwalbar, sau uku Phoebe, mai gasa masara kusa da shi, tana gyaran murya.

Da Wilson ya dawo, Malam bai yarda a gwada da hannun kowa ba sai nasa. Ya zura safar, ya ɗauki garwashi daga kaskon Phoebe, ya riƙe har ya ƙirga goma, gumi yana tsattsafo masa. Fatar ta yi baƙi, ta yi ƙauri, amma ba ta kama ba.

Wilson ya jujjuya ta, ya ce muninta ya fi na kunnen jaki, a ɗinka wa abokansa biyar irinta.

Kafin ya naɗe tabarma, Malam ya miƙa wa Phoebe kwalbar.

"Ɓoye mini wannan har in gama. Ko na roƙe ki, ki ce ba ki gan ta ba."