Jifan Yaya Habu

Duk wanda ya san Yaya Habu ya san bai taɓa miƙa wa mutum abu hannu da hannu ba. Sai dai jifa, kuma ba ya kallonka. Yana duban gabas zai wurgo maka goro ta yamma, sai goron ya bugi goshinka sannan ya ce, "Cafe." Wata rana muna cikin kwalekwale za mu gonata ta shinkafa a Auyo, ya cillo mini makullin babur ta bayan ƙeyarsa. Tsundum, cikin kogi. Ni ƙaninsa ina huci, shi ko a jikinsa. Wai jifan ya yi daidai, ni ne ban tsaya inda ya kamata ba.

Ba laifinsa ba ne, aikinsa ke nan. Ƙwallon kwando ce ta kai shi jami'a a Amurka, kuma duk dogaye ne a ƙungiyar sai shi gajere, shi ya sa aka ba shi rabon ƙwallo: ya ɗauko, ya duba wanda ke fili, ya ba shi ya jefa. Wannan ne Innarmu ta kasa haɗiyewa. Duk ran da ya bugo waya da murna an ci wasa, tambayarta ɗaya ce, shi nawa ya jefa a kwandon? Ya ce ai shi ya ba waɗanda suka jefa.

"Au, ka haye teku don ka miƙa wa 'ya'yan wasu?"

In maƙwabta sun tambayi aikin Habu a Turai, sai ta ce ɗan aike ne. Yana dariya in an faɗa masa, amma wallahi abin yana cinsa. Abin da yake nema a duniya shi ne Inna ta yarda ya iya wani abu.

Bayan jami'a ya yi ta yawo, Turkiyya, Romaniya, da wata ƙasar da ko sunanta ban iya ba. Ko'ina ya tafi da bandar kifin Haɗejiya a jaka. A wani filin jirgi wani jami'i ya ce zai ƙwace, gogan naka ya zauna a kan jakar ya yi ta ci, har da yi wa jami'in tayi. Ta jifa, ba shakka.

Da gwiwa ta lalace, ƙungiyar ta sallame shi ba ko sannu. Ya dawo yana ɗingishi. Ya fasa gindin wani kwandon kifi ya ɗaure a bishiyar bakin fadama, ya roƙi Inna ta zo ta ga yadda ake yi ko sau ɗaya. Ta ce sai bayan damina. Ambaliya ta zo ta tafi da kwandon har da bishiyar.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ya rame har ban son tunawa. Ranar ƙarshe da hantsi Inna na zaune a gefen gadon, shi ya juya fuska bango, mun ɗauka barci yake. Kawai sai muka ga carbinsa ya taso ta bayan kafaɗarsa. Tsohuwar da idonta ya yi rauni, ko ɗaga hannu ba ta yi ba, carbin ya sauka cikin tafinta daram.

Ta dubi carbin. Sannan ta ce, "Ashe ka iya, Habu. To na cafe. Ina zan jefa?"

"Ki riƙe, Inna. An tashi wasa."

Bai kai azahar ba. Har yau da carbin take lazimi, ba ta bari kowa ya taɓa shi.

Allah, bawanka bai taɓa riƙe abu shi kaɗai ba. Ka karɓe shi da rahama, Ka yalwata masa kabari, Ka ba Inna haƙuri. Amin.