Wayoyin da Maigidana Bai Sa wa Lamba Ba

A shekarun da jarrabawar shiga jami'a ta fara komawa kan kwamfuta, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi a Rano ya ba mu aiki, ni da maigidana. Yana da tsohon sito a bakin gari, dogon gini mai rufin kwano, ya ce yana so a mayar da shi wurin da yara za su riƙa rubuta jarrabawa, a huta da kwasarsu zuwa Kano. Namu aikin shi ne wayar sadarwa. Kowace kwamfuta a babban zauren sai an ja mata tata wayar, ta bi ta cikin silin, ta sauka a wani ɗan ɗaki inda manyan na'urori masu riƙe bayanai za su zauna. Ɗakin saba muke ce masa.

A makarantar kimiyya da fasaha muka haɗu da maigidana, ajinmu ɗaya. Ni 'yar Kahu ce ta ƙasar Kibiya, shi kuma ɗan Rano. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka duk inda ya sami aiki tare muke tafiya. Shi ke hawa tsani ya ja waya, ni kuma in ɗaura mata kai, wato ɗan robar da ake cusawa a jikin kwamfuta, saboda hannuna ya fi nasa natsuwa. In ka fere bayan wayar nan za ka tarar da siraran wayoyi takwas a murɗe biyu-biyu, kowace da launinta, kuma akwai jerin da duk duniya aka yarda a bi. Ruwan lemo ne a farko, ruwan ƙasa a ƙarshe. Ka musanya guda ɗaya, kwamfutar ta zama kurma.

Ranar da muka je auna ginin, Alhaji ya nuna mana wani ɗaki a can ƙarshe kusa da ƙofar shiga, ya ce nan za a sa na'urorin. Maigidana ya ja tef ya auna, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Alhaji, a yi haƙuri, ɗakin nan ya yi nisa. Wayar nan ba a so ta wuce mita casa'in daga ɗakin saba zuwa teburi. In ta wuce, saƙo yakan raunana a hanya. Yaran da ke can ƙurya su za su sha wahala."

"To ina kuke so?"

"Tsakiyar gini. A yanki ɗaki a nan, a toshe taga, a ɗaga daɓen saboda ruwan damina, a sa na'urar sanyaya ɗaki."

Alhaji ya yi dariya ya ce shi ko ɗakin kwanansa ba a yi masa wannan gata ba, amma mu muka san aikinmu. Aka kira magina suka yi yadda muka zana. Muka ware wa wayar sadarwa hanyarta daban da ta wutar lantarki, don ba a son su jeru wuri ɗaya. Muka kuma yi shawara, kamar kullum, cewa kowace waya za a rubuta mata lamba a kai biyu, ɗaya a bakin teburi, ɗaya a ɗakin saba.

Akwai wata 'yar na'urar gwaji da muke amfani da ita, testa, mai ɓari biyu. Ana maƙala ƙaramin ɓarin a ƙarshen waya, babban a ɗaya ƙarshen. In komai daidai ne sai fitilu takwas su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya. Shi yakan tsaya a zaure ya ɗaga murya ya faɗi lamba, ni kuma daga ɗakin saba in amsa masa, "Ta yi," ko "Sake duba." Haka muke wuni. Wani lokaci ya faɗi lambar da babu ita don ya ji me zan ce.

Mun ci fiye da rabin aikin lokacin da ya rasu. Ranar kasuwa ce, da damina. Ya hau babur zai je Kibiya gaida wani abokinsa marar lafiya, babbar mota ta same shi a hanya. Ina ɗakin saba ina fere waya aka zo aka kira ni.

A Kahu na yi takaba, a gidan mahaifina. Baba malami ne, a zaure yake karantarwa, gidan kuma ba ya rabo da jama'a. Mata suna shigowa gaisuwa, suna ba ni haƙuri, suna yaba halinsa, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Sai dai babu wadda ta san shi a wurin da na fi saninsa. Ba wadda zan ce wa, kin san yadda yake riƙe waya da haƙori in yana kan tsani? Nakan zauna a tsakiyarsu in ji kamar baƙuwa ce ni da ba ta jin yaren garin. In na kaɗaice sai in tarar yatsuna suna murza bakin zanena, suna jera zare kamar mai shirin ɗaura kai.

Da na kusa fita takaba, Alhaji ya aiko wa Baba cewa wasu daga Kano sun nemi su ƙarasa aikin, amma shi bai ba su ba sai ya ji ta bakina. Baba ya kira ni bayan ya sallami ɗalibansa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, mace ita kaɗai a cikin kangon gini? Hankalina bai kwanta ba."

"Baba, in wasu suka zo, ba za su tsaya neman kan wayoyinsa ba. Yanke su za su yi, su ja nasu."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Daga baya ya ce in sauka a wurin gwaggona, ƙanwarsa da ke aure a Rano, in fita da hantsi, in dawo kafin magariba.

Ranar da na buɗe ginin, tsaninsa na jingine a bangon da ya bar shi. Yanar gizo-gizo ta rufe kwalayen waya. A ɗakin saba, damin wayoyi ya sauko daga silin yana reto. Na kama su ina dubawa. Wasu na ɗauke da lamba da rubutun hannunsa a jikin salatif. Sauran, waɗanda ya ja a makonsa na ƙarshe, babu komai a jikinsu. Ya ce mini a lokacin zai rubuta in ya gama layin gaba ɗaya.

Babu wata dabara sai ta ƙafa. Na fara ɗaura wa kowace waya kai. Sannan in je zaure in maƙala ƙaramin ɓarin testa a bakin teburi guda, in dawo ɗakin saba in riƙa gwada wayoyin marasa lamba ɗaya bayan ɗaya har fitilu su kama. In rubuta lamba, in koma zaure in rubuta irinta, in matsa teburi na gaba. Aikin da mu biyu muke yi muna hira, shi nake yi da tafiya da dawowa. Zauren kuwa dogo ne, babu komai a cikinsa sai tebura, takun takalmina kaɗai nake ji. Idan rana ta take, kwanon rufi ya riƙa ƙara yana miƙewa, sai in waiga.

Abincina ma a nan nake ci. Gwaggo takan zuba mini ɗanwake ko shinkafa da wake a kula, in zauna a ƙasa a ɗakin saba in ci, bayana jingine da akwatin ƙarfen da na'urori za su shiga. Ta bayan ginin akwai burtali, Fulani kan wuce da shanu. Nakan ji makiyayi yana yi musu magana da Fillanci, in tsaya da aiki ina sauraro har muryar ta yi nisa. Akwai ranakun da ita ce kawai muryar mutum da nake ji tsakanin fitata da komawata. Wata rana fitilu suka kama, na ji bakina ya ce, "Ta yi," da ƙarfi. Na tsaya riƙe da wayar. Daga ranar na riƙa kula da bakina.

A layin ƙarshe na ci karo da wata waya da ta ƙi. Fitilu biyu ba sa kamawa. Na yanke kan na sake ɗaurawa, na sake, ba canji. Dole sai an hau silin, ni kuma ban taɓa hawa ba. Na kulle ƙofa, na sa tsohon wandonsa na aiki a ƙarƙashin doguwar rigata, na hau tsani da tocila a hannu. Zafin da ke tsakanin silin da kwano ba ya faɗuwa. Na bi wayar da rarrafe a kan katako har na iso wurin. Ya lanƙwasa ta a kusurwar wani ƙarfe, ya ja da ƙarfi har ta karye a ciki, ga ta kuma kwance a kan wayar wuta, abin da shi da bakinsa yake hana mutane.

Haushi ya kama ni, irin wanda nakan ji da yana raye. Na ce, "Haba, sau nawa na gaya maka ka daina gaggawa?" Sai da maganar ta fita na tuna babu mai amsawa. Na kwanta a kan katakon na yi kukan da ban yi ba a Kahu, gumi da hawaye suna haɗuwa a wuyana.

Da na sauko na yi tunanin in bar ta, in cire teburin daga lissafi, tunda hannunsa ne ya ja ta. Amma na san wata rana yaro zai rasa wurin zama saboda haka. Washegari na buɗe sabon kwali. Matsalar ita ce jan waya aikin mutum biyu ne, ɗaya yana warwarowa daga kwali, ɗaya yana ja a sama. Ni kaɗai, in na ja kaɗan sai ta harɗe a ƙasa, in sauko in warware, in sake hawa.

Ina cikin haka na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne. Ya zo Rano ta'aziyyar wani malami, ya ce bari ya ga inda nake wuni. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ga baƙin datti a fuskata, ga wandon surukinsa yana leƙowa. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ya ce, "Me zan riƙe?"

Na nuna masa kwalin. Ya naɗe hannun babbar rigarsa ya riƙa warwaro mini waya a hankali, ina sama ina ja. In ta tsaya sai in ji muryarsa ta ramin silin, "Uwata, ja, na sake ta." Da muka gama na ɗaura kai, na ba shi ƙaramin ɓarin testa, na nuna masa inda zai maƙala. Na shiga ɗakin saba.

"Baba, me ka gani?"

"Wuta tana tafiya, tana dawowa."

"Duka takwas?"

Ya ƙirga su. "Duka."

Muka bi sauran teburan layin tare, yana matsawa ina tambaya. Abin da zai ɗauke ni kwanaki muka gama kafin la'asar. Ya yi salla a zauren, ya yi wa marigayi addu'a, ya ce ɗalibai na jiransa. Na raka shi bakin titi ya hau babur ɗin haya. Bai sake zuwa ba, ni ma ban roƙe shi ba. Shirun washegari ya fi na kullum nauyi.

Na ƙarasa sauran aikin ni kaɗai. Na jera wayoyin a cikin akwatin ƙarfe, na ɗaure su dami-dami ba tare da matsewa ba, na bar wa iska hanya a bayan na'urori. Masu duba aiki suka zo daga Kano da nasu kayan gwajin, suka wuni suna aunawa, suka amince da wurin. Alhaji ya ce in zauna in riƙa kula da ɗakin saba, na karɓa.

Ranar jarrabawar farko zauren ya cika da yara, iyaye na jira a inuwar bishiyoyi a waje. Ni ina ɗakin sanyi, ƙofa a rufe, ina kallon ƙananan fitilu suna ƙyaftawa a jere. Kowace fitila yaro ne a kan teburi yana amsa tambaya. Ban ga fuskar ko ɗaya ba sai da suka fito. Bayan makonnin jarrabawa wurin ya koma wayam, ni kuma na ci gaba da zuwa kowace safiya in duba sanyi, in duba batura, in share, in zauna.

Damina biyu na yi a haka. Gwaggo ce ta fara cewa na daina magana ko a gida, ta kai wa Baba zancen. Da wani kamfani a Kano ya nemi masu aikin waya don babban ɗakin ajiyar bayanai da suke ginawa, Baba da kansa ya ce in nema. Aka ɗauke ni. Na miƙa wa Alhaji makulli, ya sa mini albarka.

A sabon wurin mu da yawa ne, maza da mata, ana aiki ana surutu, wani na tambayar filaya, wani na ba da labarin ƙwallo. Makon farko kaina ya riƙa ciwo. Wata abokiyar aiki da aka haɗa mu layi ɗaya ta ɗauka ko fushi nake yi da ita, har ta tambaye ni. Na ce mata a'a, na saba aiki ni kaɗai ne. Ta ce to, ita ba ta iya shiru ba, sai dai in yi haƙuri da ita. Sai da aka yi watanni kafin na iya ɗaura kan waya ina amsa mata hira a lokaci guda.