Hannun da Ke Riƙe Jagora

A gidanmu na Djougou ba mu san sayen abin hura wuta ba. Baba kafinta ne, shi kaɗai ya karkace a zuri'ar da kowa ya gaji fataucin goro, kuma a tsakar gida yake aikinsa, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Da yamma mu yara mukan tattara guntayen katako da ɓawon da aikin yini ya zubar, mu kai wa Iya, mahaifiyar Baba. Ita ce mai wutar bayan magariba. Takan tura doya cikin garwashi, ta miƙe ƙafafu, mu kewaye ta, hayaƙi yana ƙamshin itacen madaci ko na itacen tek, ya danganta da ƙofar da Baba ya yi a ranar. Har yau in na ƙona guntun tek sai in ji yunwar gasasshiyar doya ta taso mini.

Baba ɗan farinta ne, to ka san yadda abin yake. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido. In za ta yi masa magana sai ta bi ta kanmu: "Ku gaya wa mai zarto abincinsa na hucewa," alhali ga shi nan tsaye, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ni kuwa da nake jika ba ni da wannan matsala. Mijinta take kirana, tana yi mini gorin cewa tun da ta aure ni ko ƙyallen ɗankwali ba ta gani ba.

Amma akwai wuri ɗaya da uwa da ɗa suke haɗuwa, wato teburin aiki. Mai son ya tsaga dogon katako a miƙe, sai ya ɗora wani siririn katako madaidaici a kai, zarto ya riƙa bin gefensa. Shi muke kira jagora. In jagora ya goce ko da kaɗan ne, zarto zai bi shi, katakon mutane ya tafi a banza. Dole wani ya danne shi daga wancan ƙarshen. Tun Baba bai da yaron shago Iya ta karɓi wannan aiki, da yaran suka zo kuma ba ta sakar musu ba. Takan jawo kujerarta ta tsugunno zuwa ƙarshen tebur, ta ɗora tafin hannu biyu a kan jagora, ta juya fuska ga bango. Da bangon take hira. Ta gaya masa wadda ta haihu a unguwa, da goron da ya fara ruɓewa a gidan ƙanenta, da ciwon gwiwar da ya hana ta barci. Baba kuma sai ya ba katako amsa. Haka suke yini, kowa da abin da yake kallo, hira tana tafiya sumul.

Wata rana Baba ya tafi Parakou sayen makullai, ya dawo da murna, ɗauke da wasu ƙarafa biyu da ya samo a wajen Gare, wato tashar jirgin ƙasa. Kowanne dogo ne, mai baki biyu da makulli na murɗawa. Ya kama jagora da tebur a tsakanin bakunan, ya murɗa, ya ce in zo in gwada ƙarfina. Na ja, na tura, har na rataya. Ko gezau.

"Sarjuwan ke nan," in ji shi. "Ba ya gajiya, ba ya atishawa. Iya, daga yau kin huta. Wuyan hannun nan naki da ke kumbura zai samu lafiya."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, wannan na shaida. Iya ta dubi bango ta ce, "Allah ya yi albarka." Ta ɗauki kujerarta ta koma bakin murhu.

A yammacin nan ne ta ba mu tatsuniyar kunkuru. Tana da yadda take buɗewa. Takan ce, "Ga wata tafe daga nesa, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma." Amma ranar ta ɗaga murya fiye da kullum, kamar masu sauraron suna bayan katanga. Baba yana rumfarsa yana shafa wa sababbin ƙarafansa mai.

Ta ce a wani gari da ke kan hanyar fatake an yi wani kafinta mai zarto mai taurin kai. In an nuna masa gabas sai ya nufi kudu. Kafintan ya rasa yadda zai yi, sai wani kunkuru da ke zaune a bayan gidansa ya ce, "Ɗora ni a kan jagora, ina da nauyi, ba ni kuma da inda za ni." Aka ɗora shi. Daga ranar ƙofofin kafinta suka miƙe, har fatake suna sauke kaya don su kalla. Kunkuru kuwa ba ya zama shiru. Yana kwance a kan jagora yana ba da labarin wanda ya wuce da wanda ya dawo, in rana ta take ya ce a tashi a yi salla, in kafinta ya yi tari ya ce sannu.

Ƙanwata ta katse ta. "Iya, kunkurun mace ne ko namiji?"

"Tsoho ne," in ji Iya. "In an tsufa wa ke tambaya? Juya doyar nan kafin ta ƙone."

Ta ci gaba. Ana nan sai maƙerin garin ya ƙera wani ƙarfe mai baki biyu ya kawo wa kafinta. Kafinta ya gwada, ya ga abin ya yi. Ya ɗauki kunkuru da hannu biyu, cikin girmamawa, ya kai shi gindin wata bishiya mai inuwa, ya zuba masa ganye mai laushi, ya ce, "Ka wahala da yawa. Huta." Kunkuru ya duba dama, ya duba hagu, bai ga abin da zai danne ba, bai ga wanda zai gaya wa komai ba. Sai ya mai da kansa ciki.

A nan muka gyara zama, don mun san abin da ya kamata ya biyo baya. Ƙarfen zai karye, ko ya ciji yatsan kafinta, a koma ana roƙon kunkuru. Na ma riga ta faɗa.

"Wa ya gaya maka, mijina?" ta ce. "Ƙarfe ya yi aikinsa. Ƙofofi suka ma fi na da kyau. Ni ba na yi wa ƙarfe ƙazafi."

Sai dai, in ji ta, kafinta ya wayi gari rana tana takewa babu mai cewa a tashi, yana tari babu mai cewa sannu. Ya daɗe bai gane abin da ke damunsa ba. Ran da ya gane, ya ɗebi ganye ya nufi gindin bishiya. Ya kira, shiru. Ya ƙwanƙwasa bayan kunkuru, sai ya ji dutse. Kunkuru ya daɗe da kai a ciki har ya manta hanyar fitowa. Kafinta ya rungumo dutsen ya kawo shago ya ɗora a kan jagora. Dutse ya danne jagora da kyau, amma bai ce komai ba.

"Shi ya sa," in ji Iya, "in kuka bi hanyar gona za ku ga duwatsu masu doro a gindin bishiyoyi. Kada ku hau kansu. Na sauke ta nan, wanda ya ga ƙarya a ciki ya tsince ya watsa wa kaji."

Ni haushi na ji. Wace irin tatsuniya ce babu mugu, babu wanda aka kora, babu wanda aka doka? Daga rumfa muka jiyo Baba yana dariya yana cewa, "Kai, Iya da tatsuniya!" Aka kira isha, kowa ya tashi.

Iya ta yi shekaru bayan haka. Kumburin wuyan hannunta ya sauka, gaskiyar Baba. Ba ta rasa abinci ba, ba ta rasa sutura ba, kullum da safe Baba yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice kamar yadda al'ada ta ce. Amma ban sake jin ta yi hira da bango ba, ban kuma sake jin ya ba katako amsa ba. Har ta koma ga Allah tsakaninsu gaisuwa ce. In na tuna wannan yanzu zuciyata takan yi nauyi, domin suna ƙaunar juna ƙwarai, wurin zaman ne kawai aka ɗauke.

Na girma na gaji sana'ar, na buɗe shagona a unguwar Albarika, nan Parakou. Ina da zarto mai aiki da lantarki, ina da sarjuwan manya da ƙanana rataye a bango, ba na neman hannun kowa. Da mahaifiyarmu ta rasu, na je Djougou na ɗauko Baba. Idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa. Na ba shi ɗaki mai fanka, matata tana daka masa sakwara mai laushi, jikoki suna kai masa ruwa. Ran da ya biyo ni shago ya ɗauki guduma, na karɓe da ladabi na ce, "Haba Baba, ka yi naka. Yanzu sai hutu."

Bai yi musu ba. Ya koma gida ya zauna. Sannu a hankali kwanonsa ya fara dawowa da saura, maganarsa ta koma i da a'a. Muka kai shi asibiti aka ce ba a ga komai ba. Wata safiya matata ta tare ni a zaure ta ce, "Baba ya ɗaure jakarsa. Wai a sa shi a motar Djougou."

A Djougou babu kowa a gidan sai ƙadangaru. Na san in ya tafi, gawarsa zan je ɗaukowa. Na shiga na roƙe shi, ya ce, "Ba ku yi mini komai ba, wallahi. Gidanka gidan albarka ne. Kawai dai ni na gama." Da na fito na tsaya a bakin ƙofa, sai na ga kansa a sunkuye tsakanin kafaɗu, na tuna da kunkurun Iya. Sai a ranar na gane wa take ba wa tatsuniyar, da dalilin ɗaga muryarta. Ba ta da bakin da za ta ce wa ɗan farinta kada ka tashe ni daga nan.

Mai da hannun tsoho mai rawa a kan jagora, ga zarton lantarki, wannan hauka ne, ni ma na sani. Sai na hau babur na tafi wajen wani mai walda a bayan Gare, ya lanƙwasa mini ƙugiyoyi biyu na ƙarfe masu murɗi. Na huda teburina, na huda cikin jagora ta ƙasa. Ƙugiya tana shiga ta ƙarƙashin tebur ta kama jagora, a murɗa ta daga ƙasa, a sama ba ka ganin komai sai katako. Na zaɓi jagora mai tsawo sosai, yadda ƙarshensa zai yi nisa da bakin zarto, na ajiye kujera a can.

Da yamma na ce, "Baba, ina da matsala a shago. Kan sarjuwan yana tare injin, ba ya barinsa ya wuce." Wannan gaskiya ne, kowane kafinta ya san shi. "Ina son wanda zai danne mini jagora. Yaran nan hankalinsu na kan waya. Ka taimake ni da ƙofofin nan kafin ka tafi."

Ya ɗago kai. Ya ce, "To, a gama ƙofofin."

Washegari ya zauna a ƙarshen tebur ya ɗora tafin hannu biyu. Muka tsaga katako na farko. Kafin na uku ya fara gaya mini cewa tek ɗin nan ɗanye ne, an cuce ni. Kafin azahar na ji labarin wani ƙanen kakanmu da jaki ya gudu da shi har cikin kogi, labarin da ban taɓa ji ba. Ya cinye wasa-wasar da aka kawo mana, ya tambaya ko akwai saura. Ƙofofin suka ƙare, na karɓo aikin tagogi, babu wanda ya ta da zancen mota.

Da ina yaro na ɗauka hutu shi ne babbar kyautar da ɗa zai yi wa iyayensa. Yanzu da furfura ta fara fito mini, ina ganin mutum yana iya haƙura da gajiya, amma da wuya ya haƙura da a ce babu inda ake jiransa da safe. Abin da ya rage yana damuna shi ne yaudarar. Kullum ina murɗa ƙugiyoyin kafin ya iso, ina jin kamar ɓarawo a shagona.

Wata rana na ɗaga inji zan kunna, sai ya ce, "Dakata. Sunkuya ka ƙara matse ƙarfen nan na ƙasa, na ɓangarena ya yi sako-sako."

Na tsaya da inji a hannu, kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, tun yaushe ka sani?"

"Tun ran farko. Idona ne ya tafi, ba hannuna ba." Na sunkuya na murɗa. Ina ƙarƙashin tebur na ga yatsunsa sun leƙo suna shafa bakin ramin da na huda, a hankali.

"Rami biyu kawai," in ji shi. "Da na huda wa Iya rami biyu..."

Bai ƙarasa ba. Na daɗe a ƙasan teburin ina murɗa abin da ya riga ya matsu. Da na miƙe, ya mai da tafin hannunsa biyu kan jagora, ya danne da iyakar ƙarfinsa.

"Na riƙe," ya ce. "Yanka."