Waɗanda Ba a Tambaya Ba

Gidanmu babba ne, shi ya sa shirunsa ya yi yawa. A wani ƙauye muke kusa da Shanono, inda kowane gida ke zaune a tsakiyar gonarsa, sai ka ratsa dawa kafin ka kai ƙofar maƙwabci. An ce a zamanin kakanmu maza ne birjik a gidan, suna noman gandu ɗaya, a ci tare a zuba a rumbu tare. Ni ban tarar da wannan ba. Abin da na tarar shi ne ɗakunan da jinkarsu ta rufta, da rumbunan da kaji suka mayar wurin ƙwai, da mutum uku: ni, da yayana Bawa, da kakarmu Tabawa, wadda muke ce wa Inna domin ba mu san wata uwa ba. Mahaifiyarmu ta rasu ina goye. Babanmu kuwa ya tafi ci-rani Kudu a shekarar da ta biyo baya, har yau ba wanda ya kawo mana labarin ransa ko na mutuwarsa.

Bayan kaka, da an suɗe kwanon tuwo, Inna takan hura wuta a ƙofar ɗakinta da karan dawa. Kara ba ya riƙe wuta, yanzu ya kama bal-bal, yanzu ya zama toka, saboda haka aikina ne in riƙa tura mata sabo. Ita kuma ta miƙe ƙafa, ta jawo ƙwaryar gyaɗa tana ɓara. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta kalli duhun tsakar gida ta ce, "Ga baƙuwa can tsaye, a ba ta tabarma?" Mu kuma mu ce, "A ba ta." Da Bawa ya fara tsiro gashin baki sai ya daina amsawa, wai shi ya girma. Yakan koma can kan turmi yana murɗa 'yar rediyonsa, amma duk ƙarya ce, kunnensa na wurinmu. Muryata kaɗai ke fita a wannan ƙaton gida, kuma ba na son jin ta haka.

Shekarar da nake aji biyar, samarin ƙauyenmu masu acaba a Legas suka zo Kirsimeti. Kai, ka ga takalma, ka ga agoguna. Ɗaya har da wayar hannu, ko da yake sai ya hau tudun bayan coci take kamawa. Bawa ya bi su kamar jela, ko abinci ba ya zama ya ci. Duk wanda ya tambaya yaya can ɗin take, amsa ɗaya ce: lafiya lau, aiki kamar ƙasa. Da bikin ya watse ya zo ya durƙusa gaban Inna ya ce zai bi su. Ba ta ce masa je ka ba, ba ta ce kar ka je ba, ta dai ci gaba da tankaɗe. Ni kuwa na san abin da tafiyar ke nufi. Shi ne namijin ƙarshe mai riƙe garma a gidan. In ya fita, saura tsohuwa da yarinya.

A daren ta kawo mana wata baƙuwar da ba mu taɓa ji ba.

Wai an yi wani gari da yunwa ta sauka. Sai labari ya zo cewa a bayan kurmi akwai wata fadama, gwaza da shinkafa na fitowa ba mai su. Mutane suka fara tafiya. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga wasu sun ɓullo da kaya niƙi-niƙi a ka, kumatu sun ciko. A tare su a ce, "Yaya hanya?" Su ce, "Ko ƙaya ba ta soke mu ba." Gobe wasu su tashi. To akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a ƙofar gari, ita ba ta tambayar kowa komai. Tana da wata 'yar ƙwarya a ƙarƙashin faifanta. Duk wanda ya fita sai ta jefa ƙwallon tsamiya ɗaya a ciki, duk wanda ya dawo ta cire ɗaya. Da a ce hanya lafiya take, ai da kowane wata ƙwarya za ta koma wayam. Amma kullum ƙara nauyi take.

Inna ta tsaya ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta, sannan ta ci gaba.

Rannan sai autan tsohuwar ya zo ya ce shi ma zai je, domin duk wanda ya je ya ce lafiya. Ta ce, "Wa ka tambaya?" Ya ce, "Waɗanda suka je mana." Ta ce, "A'a, ɗan nan, waɗanda suka dawo ka tambaya." Ta ɗaga faifai ta tura masa ƙwarya. "Ga sauran nan, tambaye su." Ashe kuraye ne a kurmin, kuma wanda kura ta ci ba ya zuwa ya ba da labarin hanya. Yaro ya duba ƙwarya, ya ajiye sandarsa.

Ko ni da nake yarinya na gane da wa take. Na kuma gane cewa ɗaya daga cikin ƙwallayen nan babanmu ne, ko da yake ba ta ambaci sunansa ba. Daɗi ya kama ni, na ce a raina shi ke nan, Inna ta kama shi. Sai na ji rediyo ta yi shiru.

"Inna," in ji Bawa daga kan turmi, "ita tsohuwar, ta ajiye ƙwarya ta biyu?"

"Ta me?"

"Ta waɗanda suka zauna a gari yunwa ta kwashe su. In mutum goma suka tafi bakwai suka dawo, na ji. To cikin goman da suka zauna fa, nawa suka ga damina?"

Haushi ya tuƙe ni. Na ce, "Kai dai Yaya ka cika ɓata abu. Tatsuniya ake yi wa tambaya?"

Karan da ke wutar gaban Inna ya cinye, ni kuma na manta ban tura wani ba. Can ta ce, "Ƙyale shi, Ladi. Gaskiyarsa. Ba ta ajiye ba." Ba ta sallami baƙuwarta ba a daren, yadda ta saba cewa ta naɗe tabarma ta kama hanya. Ta dai tattara gyaɗarta ta shiga ɗaki.

Ranar kasuwa ya tafi. Ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin yaji, ta raka shi har bakin gona, ta sa masa albarka da murya ƙalau. Sai da ta dawo ta zauna a kan turminsa na ga haɓar zanenta a ido.

Ba a daina tatsuniya ba, amma ta zama wata iri. Mutum ɗaya na faɗa, mutum ɗaya na ji. Wani lokaci tana tsakiyar magana sai ƙarar babur ta taso daga hanyar Shanono, ta yi tsit har sai ƙarar ta wuce ta ɓace, sannan ta ce, "Ina muka tsaya?" Na tsani baburan nan. Gandu kuwa muka bar rabinsa ga ciyawa, muka noma abin da hannun mace biyu zai iya.

Bawa bai hallaka ba. Ya yi acaba, ya bari, ya buɗe shagon kayan babur, ya yi aure a can, ya haifi 'ya'yan da Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba. Shi ya ɗauki nauyin karatuna har na gama kwalejin ilimi a Bici. Shi ya sa aka yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Ya aiko mata da waya, yana kira duk Lahadi bayan an taso daga coci. Zuwa ne dai ya yi wuya, kullum shago, kullum hanya ba kyau, kullum sai baɗi.

Yau lissafi nake koyarwa a wata sakandare. Duk shekara in muka zo darasin ƙididdiga, kafin in taɓa alli sai na ba ɗalibaina labarin mai daddawa. Nakan ce musu, kafin ka ce kashi kaza cikin ɗari, tsaya ka tambaya: cikin su wa? Wa aka ƙirga, wa aka bari a waje? Mai magani zai nuna maka waɗanda suka warke, makaranta za ta nuna maka waɗanda suka ci jarrabawa. Sannan in ƙara musu da ƙwaryar Bawa, domin zama ma yana da nasa haɗarin, kuma ba a auna abu ɗaya shi kaɗai. Sukan yi dariya su ce, "Malama, wannan yayan naki ya iya lissafi." Ya iya ɗin. Da takardarsa zan duba, da na ba shi maki duka, kuma wannan yana min ciwo har yanzu.

Na daɗe ina ɗauka iyakar darasin ke nan. Sai da Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, na ɗauki hutu na koma gida jinya. Wata Lahadi bayan Bawa ya kira ya ce yana nan tafe da zarar ya sami wanda zai tsare shago, na ga fuskarta ba walwala, na ce bari in tsokane ta.

"Inna, kin ga dai tsohuwarki ta tsorata yaro a banza. Naki kura ba ta ci shi ba. Ai sai ki cire ƙwallonsa daga ƙwarya."

Ta juyo a hankali ta dube ni, irin kallon da take min in na zuba gishiri sau biyu a miya.

"Ke da karatunki, Ladi. Tsohuwar nan ta taɓa ganin kura? A ƙofar gari take zaune. Wanda ya shigo take cirewa."

Na gyara mata mayafi. Ni duk shekarun nan ina ganin rayayyu da matattu take ƙirgawa. Ashe a wurin wanda aka bari a gida, ɗan da ya ɓace da jikan da ke kira duk Lahadi ƙwarya ɗaya suke ciki. Wannan ɓangaren ban taɓa gaya wa ɗalibaina ba, domin ban san yadda zan rubuta shi a allo ba.

Bawa ya sami mai tsaron shagon. Ya iso washegarin da muka binne ta.