Man da Munka Binne a Fadama

Ranin da ya biyo ambaliyar da ta cinye muna gero ne, bayan rasuwar maigidana, lokacin da fetur ya yi wuya har sai an je Birnin Kebbi. Ni ban san lissafin shekara ba, da wannan nika gane shi.

Babban ɗana ya shuka shinkafa a fadamar Gulma, ita kaɗai munka sa wa ido. Ta yi ciki, kuma a wannan gaɓa ba ta jure ƙishi. Ƙanen mahaifinsa ya ce a binne jarkar mai cikin damshin ƙasa kamar yadda muke girke randa, rana ba ta sha shi, ɓarawo bai gani. Munka binne. Ashe murfin ya tsage.

Da safe injin ban-ruwa ya yi tari ya mutu. Ɗana ya ja igiya har tafinsa ya sale. Ni na kasa zama: in leƙa tiyo, in taɓa ƙasa, in dawo. Ganye ya fara naɗewa ina kallo.

Na girma cikin matsar man gyaɗa, in ana shakkar ruwa a mai, auduga muke tsomawa mu kunna, mu saurari tartsatsi. Na ciro ashana.

"Inna! Ƙone mu za ki yi?"

"To kai da ka sani, gwada muna."

"Baba ya ce man lafiya lau."

"Babanka ko nasa rawani bai iya naɗawa daidai."

Tsohon, ƙanen maigidana, yana ji, ya juya baya yana tsaki.

Ɗana ya zuba man cikin farar kwalba, ya ce a bari ya kwanta. Jiran nan ya fi komai cin raina. Na zagaya gona, na zagi kwalba, na sake zagayawa. Da na ɗaga ta ga rana, ga ruwa kwance a ƙasa, kaurin yatsuna biyu. Munka tsiyaye man na sama a hankali, ɗana ya wanke cikin injin.

Sai bayan la'asar ya tashi. Fangulan shinkafa na kusa sunka sha. Na can ƙarshe ruwa bai kai ba sai washegari, ƙaiƙayi munka yanka a wurin.

Ƙanen maigidana ya rasu bai taɓa yarda shawararsa ce ta jawo ba. Ɗana na nan Argungu, ya yi furfura. Sai ni, da matar tsohon, wadda har yau take cewa mai sayarwa ne ya zuba ruwa.