Sulken da Ya Ƙwace Mini Baba

Jiya na wuce shagon kayan ƙamshi a unguwar Nuzla, ƙamshin kanumfari ya buge ni, sai na tuna hannun Baba. Haka hannunsa yake ƙamshi kullum, saboda man kanumfarin da yake goge takubban kafilinsa, Balaraben da yake yi wa aiki, da shi a unguwar Abhur. Mutumin yana tara sulken tsofaffin mayaƙan Japan, samurai, Baba ne mai kula da su, har ya fi mai su son su.

Ina ƙarama Baba ya taɓa tafiya da ni ɗakin da ake ajiye su. Ɗakin sanyi ƙalau, ga wani baƙin sulke zaune kamar mutum, da kwalkwali mai ƙaho da fuskar ƙarfe mai gashin baki. Baba ya durƙusa yana taje gashin bakin nan da burushi mai laushi, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na miƙa hannu zan taɓa jar igiyar alharinin da ke ƙirjinsa, ya riƙe ni.

"La, ya binti! A'a, 'yata, abin da ya tsufa lallaɓa shi ake yi."

Na ce, "Ni ba ka taɓa taje mini kai ba."

Ya yi dariya. "Ke kina da uwa. Shi wa yake da shi?"

Har muka iso gida ban kula shi ba.

Yau Baba yana ƙasa, sulken kuwa yana nan ko tsatsa bai yi ba, kuma wallahi har yanzu ina jin haushin sulken nan. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa mu a Aljanna, in same shi ni kaɗai.