Ranar da Kawu Nomau Ya Hau Kekensa

Ku da kuka zauna Sabon Garin Maraɗi a shekarun nan, ba sai na kwatanta muku Kawu Nomau ba. In kun hangi dogon dattijo da malafa yana tura keke a gefen titi kamar mai yi wa baƙo rakiya, to shi ne. Keken lafiyarsa ƙalau, ga ƙararrawa, ga sirdi da ledarsa ta shago. Hawa ne dai ba a yi. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma babu wanda ya kai ni yi masa tsiya a kan keken nan, sai shekarar da albashi ya tsaya, wuta ta mutu a murhun gidana, sannan na kama bakina.

Na taɓa tare shi na ce, "Kawu, mi ya sa ka sayi keke in ba ka hawa?"

Ya ce, "Taya saye akai, ƙahwa kyauta aka ba ni. Wace ya kamata in ƙarar?"

"To ka sai da shi mana."

"In sai da shi in koma mai tahiya ƙasa? Ranar hawanshi tana nan tahe, ba ta dai zo ba."

Aiki kuwa, Kawu ba ya bari ɗaya ya shekara a hannunsa. Da damina yana Tsibiri yana noman gero, da sanyi yana Jiratawa cikin albasa da tumatir, da bazara ya dawo Maraɗi awon hatsi. In ƙafa ta yi masa ƙaiƙayi sai ya roƙi wani direba, ya ɗora keken a bisa kaya, shi ma ya haye. Keken nan ya ga Agadas, ya ga Kano, duk a kwance.

Wani Alhaji mai mangazar shinkafa, da ya yaba da amanarsa, ya kira shi ya miƙa masa makulli, ya ce ga albashi duk wata, ga ɗaki kyauta. Kawu ya jinjina makullin a tafin hannu.

"Alhaji, in aka yi biki Tsibiri, wa za ya buɗe?"

"Ai ba ka zuwa, Nomau. Aiki ne."

"Ashe ni da shinkahwar za a kulle tare. Ungo abinka, Allah shi ƙara arziki."

Ajiyarsa ta fi komai ban dariya. Kuɗi ba sa kwana kusa da shi. Da sun shigo zai mai da su damman gero a rumbun yayarsa Inna Hajjo a Tsibiri, ko tunkiya a Jiratawa. In ransa ya biya wani abu, sai ya taka zuwa can kafin ya taɓa su. Yana cewa, "Kwaɗai malalaci ne, kahin Tsibiri ya gaji ya koma." An yi shekarar da ya ƙwallafa rai a kan rediyo, ya kama hanya da niyya, a rabin tafiya ya juyo. Har ya koma ga Allah ta maƙwabta yake saurare, kuma yana leƙowa ta katanga ya ce a ƙara murya.

Da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, albashin farko bai huce a aljihuna ba sai ga ƙararrawar keke a ƙofar gida.

"Mushe, kawo na ƙohwa," in ji Kawu, don Mushe ake kiran malamin lakwal.

"Wace ƙofa kuma, Kawu?"

"Ta hita. Duk aikin da ka shiga, ka aje abin da za ya riƙe ka ranar da ya juya maka baya."

Na yi dariya na ce aikin gwamnati ne, gwamnati kuwa uwa ce.

Ya ce, "Uwa ma tana zuwa unguwa."

Haka ya riƙa zuwa duk ƙarshen wata, ina ba shi ina ƙunƙuni. Na gaya wa matata Rabi mu ɗauka sadaka ce, don bai taɓa faɗin inda yake kai su ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai ga dimokuraɗiyya ta zo da jam'iyyunta da kaɗe-kaɗenta. Muna cikin murna albashi ya fara tsallake wata, ya koma tsallake watanni. Aka shiga yajin aiki, aka rufe lakwal, aka karya darajar kuɗin sefa, komai na kasuwa ya tashi. Uwa dai ta tafi unguwa, kuma ba ta faɗi ranar dawowa ba. Na sayar da rediyona, Rabi ta sayar da kwanonin jerenta, ga yara biyu ƙanana. Na sha yin niyyar zuwa wurin Kawu, kunya ta hana ni, ga kuma tsoro. Gani nake in ya ce babu, to ta ƙare ke nan, gara in zauna ban sani ba.

Wata rana da hantsi Kawu ya iso daga Jiratawa. Bai zauna a tabarmar da na shimfiɗa ba, ya wuce madafa, ya tura hannu cikin toka, ya ji ta da sanyi.

"Ɗiyata, yaushe rabon murhun ga da wuta?"

Rabi ta sunkuyar da kai. "Shekaranjiya, Kawu. Maƙwabta ke ba yaran hura."

Ya dube ni ya ce, "Kai bakinka na koya ma ɗiyan wasu ne kaɗai?" Ya ja kekensa ya fita. Na zauna ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, na tabbata babu komai shi ya sa ya tafi.

Da la'asar sai hayaniya ta cika lungunmu. Teloli sun bar ɗinki, mai nama ya bar tukuba, kowa ya fito. Na leƙa, wallahi sai da na murza ido. Kawu Nomau ne bisa keke! Ya ɗaure riga a gindi, malafa na lilo a wuya, ga buhun gero a baya, keken na tangaɗi daga wannan katanga zuwa waccan.

"Ku kauce, ban san inda birki yake ba!"

Daidai ƙofar gidana tayar baya ta fashe, don robar ta tsufa a tsaye. Ya sauka yana haki. Dattijon nan Tsibiri ya je ya dawo a kan sirdi. Ya duƙa ya duba tayar, ya ɗago.

"Ka gani ko? Hawa guda."

Sannan ya dafa buhun. "Wanga naka ne. Rumbunka na nan wurin Hajjo, za ya kai ku kaka. Gobe ka tuɓe takalmin lakwal, akwai aiki Jiratawa, alli bai hana mutum riƙon hauya. Kuɗɗin taya kuwa cikin geronka zan cire."

Na zube a ƙasa ina dariya ina hawaye. Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga ƙirjina irin na ranar nan ba. Kafin magariba na ji turmin Rabi na amsawa, yara na rigimar wanda zai riƙe ludayi. Na yi lambu tare da shi har aka buɗe lakwal, kuma gero ya kai mu kaka kamar yadda ya faɗa. Kuɗin tayar ma ya cire, bai yafe ba.

Da ya rasu, keken ni aka ba. Yana nan a zaure, yara sun san ba a hawansa.

Allah Ya jiƙan Kawu Nomau, Ya sa ya tarar da ajiyar da ya tura gaba. Yadda ya yi sauri zuwa gare mu ranar da murhunmu ya mutu, Allah Ka sa rahamarKa ta yi sauri zuwa gare shi. Amin.